Ɗago Kanka, Direba

Shekara talatin ina aski a shagon nan. A da, abin da na fi faɗa shi ne, "Sunkuya, zan gyara ƙeya." Yanzu kowa a sunkuye yake shigowa, ido a kan waya, sai na yi ta roƙo kafin a ɗago.

Benci ɗaya gare mu a lokacin, da tsohuwar rediyo da sai an mare ta take magana. Amma mutum kan shigo da damuwa, ya fita ya manta inda ya ajiye ta. Abokina direba kuwa, in ya fashe da dariya dole in janye injin, kar in yi masa titi a tsakar ka.

Jiya ya zo ya zauna jugum. Ta madubi nake hangen abin da yake kallo a wayarsa: gidajen sa'o'insa da sababbin motocinsu. Duk ya rame, idanu sun faɗa.

"Kowa ya wuce ni, mai aski," ya ce. "Ko barci ba na iyawa."

Raina ya ɓaci. Na fizge wayar na jefa cikin durowar almakashi, na kama haɓarsa na ɗago.

"To, ga wanda ba ka leƙawa. Gaishe shi."

Ya daɗe yana kallon madubin. Can ya ce a hankali, "Yaushe na yi furfura haka?"

"Shekara uku ke nan," na ce. "Ni kaɗai nake ganinta."