Furannin da Aka Ajiye wa Gunvor

Gunvor ta kira ni da hantsi. "Eldrid, zo ki ga abin da aka ajiye mini a bakin ƙofa."

Furanni ne farare, an naɗe su da takarda mai ƙyalli, babu sunan kowa a jiki. A ƙungiyarmu ta matan da suka tsere wa dukan mazajensu, babu wadda ba ta san ranar da ake kawo furanni ba, washegarin duka ce. Ga shi kuma 'yan sanda sun ɓoye adireshin Gunvor, ko wasiƙa sai ta bi ta hannunsu. Tsohon mijinta Steinar yana can tsallaken ruwa, jirgin fito kawai ya raba su, har yau kuma bai fasa nemanta ba.

Ta sha sauya gida. Wannan ne na farko da ta kwance akwatunanta a ciki, har ta ɗinka labule masu ruwan ɗorawa ta rataya. Idan Steinar ya gano wurin, sai ta sake kwashe kaya.

"Wa ya san gidan nan?" na tambaye ta.

"Ke, da Torild, da Oddny." Ta ɗan dube ni ƙasa-ƙasa. Kallon ya yi mini ciwo, amma da ni ce, haka zan yi.

Torild shugabarmu ce, ita ta kafa ƙungiyar. Oddny kuwa baƙuwa ce. Ranar da Gunvor ta tsaya gaban majalisar ƙaramar hukuma, a zaman sirri, tana roƙon a hana ma'aikata buɗe adireshin irinmu yadda suka ga dama, Oddny ce ta mayar da ita gida a mota saboda ruwan sama. Ni dama matar ba ta kwanta mini ba. Ga yawan tambaya, ga tsadaddiyar rigar sanyi, kuma ba ta taɓa ba mu nata labarin ba.

Da la'asar muka haɗu a ɗakin da laburare ke ba mu aro. Gunvor ta ajiye furannin a tsakiyar tebur, kofi ya huce babu wadda ta taɓa.

"Oddny, kina da 'yan uwa a tsallake?" na ce.

"Me ya kawo wannan tambayar?"

"Ke kullum kike yi mana tambaya, yau kuma a yi miki ɗaya sai ki tsuke fuska?"

"Eldrid, bi a hankali," in ji Torild.

"Bar ta ta faɗa," Oddny ta ce. "Kina nufin ni na sayar da ita. To, ki sani ban ba ku labarina ba ne don ban gama yarda da ku ba. Ke ce ma na fi zargi, bakinki ba ya rufuwa."

Muka zauna kowa na harar kowa, mu da muka yi wa juna alkawarin riƙon amana.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa, duk muka zabura. Ingunn ce, shugabar kwamitin walwala na majalisar, tana ta fara'a. Ta zo ta shaida mana cewa za a duba buƙatarmu a zama na gaba. Sai idonta ya faɗa kan tebur.

"A'a, ashe sun iso. Sun yi miki kyau, Gunvor?"

"Ke kika aiko?"

"Majalisa dai. Ai duk wanda ya yi mana jawabi sai mun ba shi furanni, haka muke yi tun fil azal. Ke kuma kika fice ta ƙofar baya kafin a miƙa miki. Na ce ba za a yi wannan abin kunya ba, na sa sakatare ya nemo adireshinki a kwamfuta ya buga wa masu shago waya."

"Wane shagon?"

"Na bakin tashar jirgin fito, a tsallake. Da su muke hulɗa."

Gunvor ta jawo takardar mai ƙyalli tana shafa ta da yatsa. "Shi ya sa na gane naɗin. A nan Steinar yake saya mini. Mai kai musu kaya abokin farautarsa ne."

Fara'ar Ingunn ta ɗauke. "Da kyakkyawar niyya muka yi."

"Na sani," Gunvor ta ce. "Torild, ki kai musu furannin nan a zama na gaba, ko sun bushe. Ki ajiye a gabansu kafin su kaɗa ƙuri'a."

Oddny ta riga ta ɗauko makullin motarta. Ba ta dube ni ba, ta dai ce in zo, hannu biyu ba za su isa ba. Kafin rana ta faɗi mun cusa kayan Gunvor a mota. Na hau kujera zan sauke labulen, sai Gunvor ta riƙe mini ƙafa.

"Bar su," ta ce. "Idan ya zo ya gan su, zai ɗauka ina ciki, ya tsaya jira. Kafin ya gane, na yi nisa."