Sunan da Asibi Ta Ƙi Tsallakewa

Asibi ita ce zabiyar fadar Tudun Aduwa, wani gari da ke arewa da Ollelewa. A wurin gwaggonta ta gaji aikin. Duk taron da ya tashi a gidan sarauta, ita ke tsayawa ta jero sarakunan garin, tun daga Kacalla Yahuza wanda ya sari dajin har zuwa mai ci, kowa da sunansa da kirarinsa. Ladan wannan aiki, fada ta ba ta gona a bakin kwari, inda ƙasa ke riƙe ruwa.

Bayan samun 'yancin kai rigimar siyasa ta shigo yankinsu, ƙasar Damargu. Aka ce Sarki Attahir, magajin Sarki Idrisa, yana tare da 'yan adawa, kumandan, wato jami'in gwamnati mai mulkin yankin daga Tanut, ya aiko jandarmomi suka tafi da shi arewa a bayan mota, can kuma ya rasu. Aka naɗa ɗan ƙanensa, Yahaya. Lokacin naɗin Asibi tana takabar mijinta, saboda haka ba ta yi waƙa ba.

Da kaka aka haifa wa sabon sarki ɗa namiji. Ana gobe suna, Ila Sarkin Fada ya same ta a gona tana tsinkar gyaɗa. Ya tsuguna suka gaisa, ya ɗauki gyaɗa yana ɓarewa.

"Asibi, gobe akwai baƙi daga Tanut, har da mutanen kumandan. In kin zo kan Sarki Idrisa, sai ki wuce kai tsaye zuwa mai ci."

"Attahir fa?"

"Ki bar shi ya huta."

"Sarkin Fada, ya yi sarauta ko bai yi ba?"

"Ya yi. Ba ni na ce bai yi ba."

"To yaya zan ce Idrisa ya miƙa wa Yahaya? Idrisa ya rasu Yahaya yana goye."

Ila ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya miƙe. "Ni dai na isar da saƙo. Kuma ki tuna wa ke da wannan gonar."

Da ya tafi ta daɗe zaune tana kallon hatsin da bai gama bushewa ba. Ba ta da ɗa namiji, ba ta da wata gonar. Ta ji tsoro sosai lokacin da take ɗaure bakin buhu. Amma ko da ta isa gida ta riga ta san abin da za ta yi.

Washegari da hantsi ƙofar fada ta cika. Malamai suka raɗa suna, aka yanka rago, aka raba goro. Ɗan Azumi mai kalangu ya ɗauki kiɗa, Asibi ta gyara mayafi ta shiga fili. Ta fara da Kacalla Yahuza, giwa mai buɗe hanya. Ta sauko kan 'ya'yansa da jikokinsa, mata suna guɗa a kan kowane suna. Ta zo kan Idrisa, hadarin gabas. Sai ta ja numfashi ta ɗaga murya fiye da dā.

"Attahir na Idrisa! Bijimin kwari, mai rumbu a buɗe! Ka ciyar da gari shekarar fāra, Allah ya ji ƙanka a inda ka kwanta!"

Kalangu ya tsaya cak. Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai. Babu wadda ta yi guɗa, sai can daga wajen tukwanen tuwo murya ɗaya ta tashi da guɗa. Raishatu ce, 'yar marigayi Attahir, wadda tun tafiyar ubanta ba ta ji an ambace shi a fili ba.

Asibi ba ta jira kiɗa ba. Ta ci gaba da muryarta kaɗai, ta kawo sunan Yahaya, ta yi masa kirari cikakke, ta yi wa jariri addu'a, sannan ta durƙusa. Sarki bai dube ta ba. Baƙin Tanut suka yi ta magana ƙasa-ƙasa da Faransanci.

Kafin la'asar dogari ya zo gidanta. An hana ta ƙofar fada, gona kuma da zarar ta kwashe amfanin bana ta koma hannun sarki. Ta ce ta ji. Maƙwabta suka yi ta shigowa, wasu na cewa ta je ta ba da haƙuri tun abin bai yi nisa ba.

"In na ba da haƙuri, a taro na gaba me zan faɗa?" in ji ta. "Sunan nan dai zan sake faɗa."

Ta kwashe hatsinta, ta ɗora kaya a jaki ta koma Gangara wurin ƙanenta. Ya yanka mata wani fako da ba wanda ke so. Duk rani ta yi ta kwasar takin awaki a kwando tana zubawa, gwiwoyinta suna ciwo. Ranar kasuwa kuma tana zama a rumfar masu daddawa tana sayar da tata. Mutane suka riƙa nuna ta, wasu da tausayi, wasu da dariya. In an gayyace ta biki tana zuwa, in kuma aka roƙi waƙar Tudun Aduwa tana yin ta yadda take.

Damina biyu suka wuce. Wata ranar kasuwa Sarki Yahaya ya biyo ta Gangara a hanyarsa ta dawowa daga Tanut, inda aka ce sabon kumandan ya yi masa faɗa a gaban jama'a kan haraji. Ya sauka a inuwar wata bagaruwa ya aika Ila ya kira ta. Ta zo ta durƙusa.

"Allah ya ja zamaninka."

Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya sallami dogarai.

"Inna Asibi, kin san abin da kika jawo mini ran nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ban yi don in ɓata maka ba."

"In na ce ki dawo, za ki bar sunan Attahir?"

"Ba zan bar shi ba."

Ya kalli wajen dawakai. "To in ni ma wata rana mota ta zo ta ɗauke ni?"

"Zan faɗe ka, bayan shi. Ko wa ya hana."

Sarki ya gyaɗa kai a hankali. Bai ce ta dawo ba, bai kuma yi maganar gona ba. Ya hau doki suka kama hanya.

Asibi ta koma rumfarta. Wata Bafulatana tana tsaye da ƙwaryar nono tana jiranta, suka yi musaya, nono da daddawa. Da kasuwa ta fara watsewa ta naɗe tabarma ta wuce fakonta, don an ga hadari a gabas kuma ba ta gama huɗa ba.