Kyamara a Jakar Jariri

Kyamara ɗaya, naɗe cikin tawul. Idanunta biyu na canji, gilasan da ake ɗaura mata a gaba, kowanne cikin safa. Batir. Kwalbar jan farce. Famfas uku a sama, don duk wanda ya leƙa ya ga famfas. Jakar ta matar yayana ce, ta kayan jariri, mai hoton agwagwa a gefe.

Motar haya ta cika. Na rungume jakar a cinya. Matar da ke kusa da ni ta dube ta, ta dube ni.

"Ina mai jakar?"

"Yana gida."

"Ikon Allah. Iyayen zamani, a fito da famfas a bar mai kashin."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, hannuna a kan zif.

Na sayi kyamarar a ƙasar da na yi karatu, da kuɗin wanke kwanuka na shekara biyu. A lokacin tana da tsada, amma tsadar da mutum zai iya kallo. Da na dawo gida kuɗinmu ya faɗi, ya sake faɗuwa. Yanzu kuɗinta ya fi na motar yayana. Idan ta mutu ba ni da wata, kuma da ita nake ci. Shi ya sa na liƙe tambarinta da baƙin salatif, kamar yadda masu hoto da yawa suka koma yi.

Sati biyu ke nan labulen cikinta, wanda ke buɗewa ya rufe idan an ɗauki hoto, yana maƙalewa. Cikin hoto goma, biyu su fito baƙi ƙirin.

Shagon mai gyaran yana hawa na biyu, bayan masu sayar da waya. Likita ake ce masa. Kafin in fito na ɗiga jan farce a kan kowace kusa ta jikin kyamarar. Idan aka kwance wadda bai kamata ba, zan gane.

A akwatin gilashin shagon akwai sabbin kyamarori huɗu, babu takardar farashi ko ɗaya. Wani mutum mai babbar riga yana zaune a benci yana latsa waya. Dillali ne, kowa a layin ya san shi.

Likita ya warware tawul ɗin, ya ga jan farcen, ya yi murmushi.

"Ƙanwata, har kwalliya kika yi mata? Ba ki yarda da ni ba ke nan."

"Malam, ban yarda da zamanin ba ne."

Ya danna, ya kara ta a kunne, ya sake dannawa.

"Labule ne. Sai an canja."

"Nawa?"

Sai da ya fara duba wayarsa. Ya faɗi kuɗin, ya ƙara da cewa, "Wannan na yanzu ne. Bayan azahar kada ki riƙe ni. Dala ba ta da uwa a garin nan."

Dillalin ya ɗago kai. Bai tashi ba, daga inda yake ya faɗi sunan kyamarar da shekarar da aka yi ta, duk da salatif ɗin. Sannan ya faɗi abin da za ta yi a kasuwa yau, da ƙarfi, kamar mai shela. Mutum biyu da ke wucewa a baranda suka tsaya.

"Hajiya, ki sayar mini ki huta," in ji shi. "Irin wannan ba a yawo da ita yanzu. Makon jiya a bakin titin nan aka fizge ta wani, har da kafaɗarsa aka goce."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Komai na sayarwa ne. Wani sai ya rasa yake sanin haka."

Na juya wurin Likita. "Kwana nawa kafin labulen ya iso daga waje?"

"Wa ke odar kaya yanzu? Ka biya yau, kafin ya sauka kuɗin ya zama rabi." Ya rage murya. "Amma ke tawa ce. Akwai hanya."

Ya jawo wata kyamara daga kanta ta bayansa, irin tawa sak. An ɗaura mata takarda da lambar waya.

"Mai ita ya yi tafiya. Allonta ne ya mutu, labulenta garau. In cire in sa miki, jibi ki zo ki ɗauka. Rabin kuɗi."

"Shi kuma in ya dawo?"

"Kafin nan Allah zai kawo wata."

Na kalli kantar. Kyamarori sun fi ashirin, kowacce da takardarta, kowacce da mai ita a wani wuri yana jira. Kusoshin ta hannunsa ma akwai ɗigon fenti a kansu, shuɗi, an kwance an mayar an sake ɗigawa. Aikin ya yi kyau. Sai na tuna allon tawa lafiyarsa lau, kuma kwana biyu za ta yi a nan.

Na miƙa hannu. "Ba ni, Malam. Zan yi shawara."

"Shawara tana da tsada yau."

"Na ji."

Na naɗe ta cikin tawul ɗin da sauri. Famfas ɗaya ya faɗi, ban tsaya ɗauka ba. A matakala na ji takalmi a bayana. Ban waiga ba. A ƙasa dillalin ya iso gefena, ya tura mini katinsa cikin aljihun jakar.

"Wace unguwa kike, in rage miki hanya?"

Na shiga kantin magani na tsaya a layi ban sayi komai ba. Da ya tafi na hau motar da ba ta zuwa unguwarmu, na sauka a gaba na sake wata.

Yayana yana falo yana gyara fanka. Ya ga fuskata, ya ajiye abin hannunsa.

"An gyara?"

"A'a."

"Na faɗa miki ki sayar. Wannan abin ya fi ƙarfin gidan nan. Wata rana saboda shi za a shigo mana."

"Idan na sayar, kuɗin zai narke a hannuna kafin wata ya ƙare. Sannan in ɗauki hoto da me? Yaya, ba ni ƙananan sukurdirebobinka."

"Kin taɓa buɗe irinta?"

"Na ga an buɗe, sau ɗaya, a makaranta."

"In kika kashe ta fa?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini kwalin sukurdirebobin. Na shiga ɗaki, na shimfiɗa farin zane a kan tebur, na rufe ƙofa na murza makulli.

"Ba za ta kwana a hannun kowa ba," na ce masa ta bayan ƙofar. "Ni zan buɗe ta."