Inda Shunin Ya Ɓulla

Zakka ya sunkuya a bakin kwalbatin unguwarsu ta Yara, ya cusa sanda cikin baƙin ruwan ya juya. Warin da ya taso har cikin ido ya shige shi. Don ruwan sama aka gina lambatun nan, amma abin da ke gudu a cikinsa, ko makaho ya shaƙa ya san daga masai ya fito.

Sale, dattijon da suke aikin gyaran bututu tare, yana tsaye a sama ya toshe hanci da hula.

"Fito haka nan, Zakka. Ko mako ba a yi da binne ɗanka ba, ka zo kana dama ƙazanta."

"Malam Sale, ɗaya ta rage mini. In ban toshe abin nan ba, ita ma bin ƙaninta za ta yi."

Amai da gudawa sun shigo unguwar tare da damina, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Cikin waɗanda suka tafi har da Ayuba, ɗan Zakka, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Saura 'yarsa Filomina, 'yar aji ɗaya. Mutanen unguwa kuwa tuni sun yanke hukunci: kindirmon Sa'a ne, Bafulatanar da ke wanke ƙorenta a rafin da lambatun ke zuba. Zakka ma haka ya ɗauka. Ƙazanta ta bi lambatu, ta shiga rafi, ta hau ƙwarya, ta kashe masa ɗa.

Inda ƙazantar take fitowa ne ba a sani ba. Da kuɗin mai ya zo, sai aka kafa masan zamani masu jan ruwa a tsohon barikin akawuna, farare tas kamar kwanon cin abinci, aka jona su da bututun yumɓu na tun zamanin Turawa. Kwalliya a sama, ruɓa a ƙasa! Baturen da ya san inda bututun ya bi ya daɗe da komawa garinsu. Amma Sale yana da dabara: a zuba shuni a masai, a koma bakin lambatu a jira.

Suna dawowa daga marina, kowa da garwar shuni a ka, sai suka tarar da Sa'a a gindin ɗorawa. Ƙwaryarta cike take, faifai a rufe, ba wanda ya tsaya ko tayi.

"Maigida," ta ce wa Zakka, "Allah ya ba ku haƙurin yaro."

Ya so ya wuce, ƙafarsa ta ƙi. "Baiwar Allah, kindirmonki ya sha ranar da ya kwanta."

"Jikokina shi suke sha safe da yamma a ruga, ba wanda ko kansa ya yi ciwo. To, ruwa fa? Bai sha ruwa ba?"

Ran Zakka ya ɓaci. "Ruwan rijiyata ne. Da hannuna na haƙa ta a tsakar gidana, don kada matata ta riƙa wahalar layin famfo. Kada ki sake sa rijiyata a bakinki."

Sa'a ta gyara faifanta.

A barikin, matar wani akawu mai suna Olabisi ta buɗe musu, tana mita da 'yar Hausarta cewa kada su ɓata mata sabon masai. Sale ya tuttula garwa ɗaya ya ja ruwa, Zakka ya bi da ta biyun. Suka koma kwalbati suka zauna, suna korar ƙuda.

Sai da rana ta kai tsaka kafin Zakka ya zabura. "Ga shi nan!"

Wani siririn zare ne shuɗi yake biyo baƙin ruwan. Suka bi shi sama, Zakka cikin lambatu har gwiwa, sai ga inda yake tsattsafowa ta tsagar bango, daf da wani tsohon mangwaro. Suka kama haƙa da diga. Ƙasar ta jiƙe, ta yi baƙi, tana manne wa shebur. Can ƙasa suka ci karo da bututun. Saiwar mangwaro ta shige shi ta fasa shi gida biyu, ga shi kuma ya ruɓe har yana marmashewa a hannu. Wannan ɓarna ba ta bana ba ce.

Zakka ya zauna a bakin ramin, hawaye na bin laka a fuskarsa. "Na kama ka," ya ce wa bututun. "Ɗan banza, na kama ka."

Suka cusa tsumma da yumɓu, suka liƙe tsagar bangon da siminti, a kan gobe a kawo sabon bututu. Sale dai bai yi murna ba. Yana ta duban cikin ramin yana shafa gemu.

"Garwa biyu muka zuba, Zakka. Abin da ya fito a lambatu ko kofi bai cika ba."

"Ƙasa ta shanye, mana."

"Ai shi na gani," in ji Sale. Ya ɗaga kai ya dubi gangare, inda rufin kwanon gidajen Yara ke jere a ƙasan barikin. Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya ce, "Je ka gida ka yi wanka. Ka gaishe da iyali."

Da la'asar Zakka ya gangara gida. Tun ranar da aka binne Ayuba bai ji ƙirjinsa ya yi sauƙi irin na yau ba. Har ƙosai ya tsaya ya saya wa Filomina.

Ya tarar da matarsa Susana tana shanya a tsakar gida. Ita ma yau ta fara taɓa aiki. Fararen kayan zuwa coci ne jere a igiya, har da 'yar rigar Ayuba, wadda ta ce za ta wanke ta ajiye a akwati.

"Sannu da zuwa, Baban Filo. Kai, wannan wari! An dace?"

"An dace, Maman Filo. Na toshe shi da hannuna. Ba abin da zai ƙara shiga rafin nan."

"Mun gode Allah." Ta yarfe wani zane, har da ɗan murmushi, na farko a mako. "Ka ga wani abin mamaki? Dubi kayan nan yadda suka yi haske. Ko ƙwayar bula ban sa ba, ruwan ne yau ya zo da ita. Har maƙwabta sun shigo sun ɗiba don wanki."

Zakka ya dubi rigar Ayuba. Fara ce, amma da wani shuɗi-shuɗi a jikinta. Ƙunshin ƙosan ya suɓuce daga hannunsa.

Ya taka zuwa bakin rijiya, ya zura guga, ya jawo, ya tuttula a farin kwanon wanki. Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya san launin nan, tun safe yake ɗauke da shi a ka.

"Ina Filo?"

"Tana ɗaki, ta ce cikinta na juyawa. Amma kada ka damu, tun da Ayuba ya kwanta ban bar ta ta taɓa abin waje ba. Ba fura, ba kindirmo, ba komai." Susana ta nuna randa da alfahari. "Ruwan rijiyarmu kaɗai nake ba ta."

Labulen ɗaki ya motsa. Filomina ta fito tana dafa bango, idanunta sun faɗa, da moɗa a hannunta.

"Baba, ƙishirwa nake ji," ta ce, ta nufi randa.