Littafin Tok Pawanteh

Shekara talatin ina sayar da tsofaffin littattafai a tsibirin Pinang, kuma duk mai shigo min da kayan gado, kakansa babban mutum ne. Ban taɓa jin wanda ya ce nasa kakan malalaci ne ba.

Haka Malama Rokiah ta zo daga garin Balik Pulau, tsohuwar shugabar makaranta, rungume da ƙunshi kamar jariri. Kundin dokokin Turawa ne na zamanin mulkin mallaka. Ta ce na kakanta ne, Tok Pawanteh, dagacin da ya yi shekara arba'in yana raba rigimar gonakin itacen marmarin nan durian da shi. Ranar Asabar za ta miƙa shi ga ɗakin karatun garinsu, har ta rubuta jawabi a kan yadda ya haddace shi. So take in rubuta mata tarihin hannayen da littafin ya bi.

Wannan ba wuya. A bangon ciki ga sa hannun wani alƙali Bature, ga hatimin wani lauya Basine, ga sunan Tok Pawanteh da haruffan Larabci.

Da na zo buɗe tsakiya, sai na tarar shafukan a haɗe suke daga sama. Littattafan zamanin da, haka suke fitowa daga maɗaba'a, sai mai karatu ya bi shafukan da wuƙa ya raba su. Wannan kuwa wuƙa ba ta taɓa ganinsa ba.

Na yi ta kame-kame, har na zuba mata shayi sau biyu, sannan na faɗa mata cewa ba a taɓa karanta littafin nan ba. Don in rage zafin abin, na ce ai Baturen ma bai karanta ba, balle lauyan.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in ba ta wuƙar yanka takarda, kafin Asabar za ta gama da shi, ba mai sani. Na miƙa mata, raina ba ya so. Ta sa bakin wuƙar a shafin farko, ta tsaya.

"Kakana hannu kawai yake ɗorawa a kan littafin, ya yanke hukunci," in ji ta. "Kuma ba wanda ya taɓa cewa an zalunce shi."

Na ce haka na ji ana faɗa.

Ta ajiye wuƙar, idonta ya kawo ruwa, ni ma tausayi ya kama ni.

"Bar shi haka, Malam. Shekara sittin ina yabon littafin, ashe tsohon ne ya cancanci yabon."