Shirun Bayan Raga

Torleif, golan ƙauyenmu, bai iya kama ƙwallo ba sai ana zaginsa. Mu da muka ga zamaninsa mun ga gola.

Ranar wasan da in aka cinye mu za mu faɗo rukunin ƙasa, magoya bayan baƙi suka gano lagonsa. Suka jeru bayan raga suna shan kofi, ba mai cewa uffan. Kafin hutu an zura masa biyu.

Sai matarsa Gunvor ta zo ta dafa shinge.

"Kai, rago! Buhun dankali ma ya fi ka tsalle!"

Torleif ya murmusa, ya gyara safar hannunsa. Ba abin da ya ƙara wuce shi. Aka tashi biyu da biyu, muka tsira.