Wanda Ya Girmi Labbo

Barista Nafisatu ce ke shugabantar sashen shari'a na Ƙungiyar Inuwar Baƙo, wani ɗan ofis mai ɗaki biyu a bayan tashar motar Talata Mafara. Aikinsu kyauta ne, ga mutanen da iyakar ƙasa ta dagula wa lissafi: samarin da aka koro daga Aljeriya ba ko takarda a aljihu, matan Nijar da aure ya kawo, da makiyayan da ke ƙetarawa da damina su dawo da kaka.

Kakanta na wajen uwa, Malam Labbo na Birnin Tudu, bai taɓa ɗaukar aikin nan a bakin komai ba. Duk ranar kasuwa sai ya biyo, ya tsaya bakin ƙofa yana tambayar mutanen kan benci ko amaryarsa tana nan, ko ta bi wani mai raƙumi Agadas. Yakan ce an sayar da shanu an yi mata karatu don ta sa baƙar riga gaban alƙali, sai ga ta ta ƙare a lauyar masu shayi. Ita kuma ta ce ai ta daɗe da fita gidansa, tsohon da ba ya iya tauna goro bai isa ya riƙe lauya ba.

Wata Talata ya zo bai yi wasan ba. Ya samu wuri tsakanin wani saurayi da ya dawo daga Libiya da wata mata 'yar Maraɗi, ya zauna yana jan carbi. Da Nafisatu ta leƙo ta tambayi lafiya, sai labari ya fito da ƙyar. 'Ya'yansa ne suka shirya masa Umara, ya je yin fasfo. Jami'in ya tambaye shi inda aka haife shi, shi kuwa da son labari ya gyara zama ya bayyana yadda aka haife shi a ruga can gaba da Maraɗi, wata damina da mahaifinsa ya kai shanu arewa. Jami'in ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce ya kawo shaidar cewa shi ɗan Najeriya ne.

Nafisatu ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Ta ce ya jira layinsa, ai akwai waɗanda suka riga shi.

Sai bayan azahar aka kira shi. Ta kwantar masa da hankali cewa doka tana tare da shi, tunda mahaifinsa ɗan ƙasar Bakura ne. Abin da ake bukata shi ne takardar hakimi, da wani wanda ya girme shi, ya san iyayensa, ya je kotu ya rantse. Suka shiga lalube. Duk wanda ya ambata, sai ya bi shi da Allah ya jiƙan rai. A ƙarshe mutum ɗaya ya rage: Buba na Dakko.

Labbo da Buba tare suka yi kiwo, kuma tun kafin a gina madatsar Bakolori suke gardamar wane ne babba. Idan sun haɗu a kasuwa ba mai fara gaida wani. Sai su tsaya suna gyaran murya har wani ya zo ya gaishe su gaba ɗaya, sannan hira ta ɓarke.

"Umara dai ba ta kai Hajji ba, kuma na san Allah na ganin niyyata," in ji Labbo, ya ɗauki sandarsa.

Ba ta matsa masa ba. Ta san yadda ya daɗe yana kwaɗayin ganin Ka'aba. Bayan 'yan kwanaki ya aiko mata cewa in ta ga dama ta je Dakko, amma shi bai aike ta ba.

Ta tarar da Buba a gindin bishiyar bedi yana tufka igiya. Bayan doguwar gaisuwa ta yi masa bayani. Da ta kai wurin "wanda ya girme shi", sai ya ce kunnensa ya yi nauyi, ta maimaita. Ta maimaita, ya sake neman ƙari. Sai ta gyara fuska ta tuna masa cewa rantsuwa da Alƙur'ani ba wasan tsofaffi ba ce. Nan Buba ya ajiye igiyar. Ya lissafo mata dangin Labbo har kakanni, ya faɗi inda kabarin mahaifin Labbo yake a Birnin Tudu, ya ce daminar da aka haifi Labbo rugarsu ɗaya, kuma yana da wayon da zai tuna naman suna.

Ranar kotu Buba ya zo da rigar sallah. Ya yi rantsuwarsa tsaf, har ya ƙara da cewa jaririn ya cika kuka, magatakarda ya ce ba sai an rubuta wannan ba. Sannan magatakardan ya juya ga Labbo.

"Malam, ka yarda wanga bawan Allah ya girme ka?"

Labbo ya daɗe yana duban fankar da ke sama.

"Ya riga ni zuwa duniya," ya ce a hankali. "Hankali ne dai na riga shi samu."

Magatakarda ya ce rabin farko ya wadatar.

Fasfo ya fito, Labbo ya yi Umararsa ya dawo da dabino da zamzam. Da kansa ya kai wa Buba nasa, kuma shi ya fara sallama, a gaban jama'a. Ya shaida masa cewa ya yi masa addu'a a gaban Ka'aba, ya roƙi Allah ya bi da su bisa tsari in lokaci ya yi, babba ya fara wucewa. Buba ya ce amin, amma ba gaggawa.

Abin ya buɗe wa Nafisatu ido. Ta fara tura lauyoyinta ƙauyukan Bakura da Maradun, har Janbako, suna neman dattawan da suka san asalin mutane tun suna raye. Wahalarta ɗaya Buba. Ya ɗanɗana kotu ya ji daɗi, yanzu kowace Talata yana kan bencin ofis da rigar sallah, a shirye ya rantse ya girmi duk wanda ya shigo. Takan sa a kawo masa shayi, ta kuma sallame shi da haƙuri, sai fa in wanda ya sani ne da gaske.